Goggo Mai Awo da Tarwada Ashirin da Bakwai

Shekara tara ke nan, wani dare na farka da wani sauti da ban taɓa jin irinsa ba. Kai ka ce tsofaffi ɗari biyar ne suka taru a bayan katangata suna tsaki, kowa yana nasa, ba mai jiran wani. Na tashi mai ɗakina na ce ta saurara. Ta ce, "Kai dai kullum akwai abin da kake ji. Ka kwanta, Malam." Ban kwanta ba. Da gari ya fara haske na bi sautin har bakin tafkin kifi na ƙungiyarmu, na tarar fuskar ruwa ta cika da ƙananan bakuna, suna buɗewa suna rufewa. A gefe kuma ga wata mata a tsugune, littafi a kan gwiwa, tana rubutu.

Na ce, "Goggo, me suke cewa ne?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Iska suke nema. Sun yi wa ruwan yawa."

Matar nan nake so in yi wa jinjina yau. Goggo Mai Awo muke ce mata, babba da yaro. Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye aiki bayan shekara ashirin da huɗu, kuma a ranar shugabannin ƙungiya suka shirya karrama ta da dafa manyan tarwada ashirin da bakwai, waɗanda ta shekara tara tana mayar da su ruwa da hannunta. Abin da ta yi a ranar shi ya sa na ari biro. Ni mai gyaran agogo ne, karatuna a aji huɗu ya tsaya. Amma waɗanda suka fi ni karatu sun yi gum, to ni zan rubuta, wanda zai ji haushi ya ji.

Tafkin namu ne mu mutanen unguwa, gida sittin da 'yan kai. Kowane gida yana da kwana biyu a mako da zai zo da fatsarsa. Doka ɗaya ce tun farko: duk kifin da ya fito daga ruwa sai ya bi ta teburin Goggo kafin ya ga tukunya. Teburin yana ƙarƙashin wata rumfar kwano, ƙafarsa ɗaya a kan bulo. Akwai sikeli na rataye, da faifan katako da aka kafa wa rula da ƙusa, da bokiti biyu, da fensir ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa. Kafin kowa ya zo takan zagaya tafkin sau ɗaya, ta tsoma hannu har gwiwa ta ga ko tana iya hango tafinta, ta rubuta. Daga nan ta zauna. Ka kawo kifinka, ta shimfiɗa shi a kan katako ta duba tsawo, ta rataya shi ta duba nauyi, ta rubuta rana da irin kifin da gidan da ya kama. Ranar da ba a kama komai ba ma tana rubutawa. Na taɓa tambayarta amfanin rubuta babu. Ta ce, "Babun ma labari ce, Malam. Agogo in ya tsaya ba ka duba ƙarfe nawa ya tsaya?"

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ta sami aikin. Shara aka ɗauke ta yi. Jami'in da ya sa aka haƙa tafkin ya ga tana iya rubuta lamba, sai ya nuna mata awo sau ɗaya, ya ba ta sikeli da littafi, ya ce ta riƙa rubutawa zai dawo ya duba bayan wata uku. Har yau bai dawo ba. Wataƙila an canza masa wurin aiki, wataƙila ƙasa ta rufe idonsa, Allah ya sani. Ita dai ta ci gaba da rubutu. Littafi talatin da ɗaya ta cika. Wani lokaci ina zaune a shago sai in riƙa tunanin mutumin, ya tsufa, ya sauko daga mota da sanda yana cewa, "To, ina muka tsaya?" Na tabbata ba za ta yi masa faɗa ba. Kujera za ta ba shi ta ɗauko littafi na ɗaya.

Mutane suna da labaranta. Ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya taɓa zagaye teburin ya wuce gida da karfasa uku a aljihun riga. Tela maƙwabcina ya ga lokacin da ta bi shi har ƙofar kicin da sikeli a hannu. Ta tarar matarsa ta fara gyara ɗaya. Ta karɓa ta auna, ta rubuta a gefe, "An kankare rabi." Shekarar da ruwa ya ci gidajen gangare kuwa, kowa ya ga Goggo ta fito ruwa har ƙugu, buhun littattafai a kanta, katifarta tana bin ruwa a bayanta ba ta ko waiwaya ba.

Amma babban abin shi ne wanda ya biyo bayan daren tsakin nan.

Mu mutanen kirki ne, ko haka muke ɗaukar kanmu. In mutum ya kama ƙaramar karfasa sai ya cire mata ƙugiya a hankali ya mayar da ita, yana cewa, "Je ki ƙara girma, 'yar yarinya." In ya kama babbar tarwada kuwa sai ya zagaya unguwa da ita. Shekara goma sha biyar muna haka, muna jin daɗin tausayinmu. Kifi kuma kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Wasu suka ce abincin da ake zuba musu ne ba shi da kyau. Wasu suka ce ɓarayi ne. Wani ma ya ce sikelin Goggo ne ya tsufa.

Kwana biyu bayan daren, sai ga ta a shagona. Ta ce, "Malam, ara mini idon nan naka." Gilashin da nake maƙalawa a ido in ina duba cikin agogo take nufi. Ta ɗauko ɓawon karfasa guda ɗaya daga cikin takarda, ɗan mitsitsi, bai kai farcen jariri ba. Ta ɗora shi a kan gilashin taga, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini. Jama'a, akwai zobba a jikin ɓawon kifi! Zobe cikin zobe, kamar ka jefa tsakuwa a ruwa ruwan ya daskare. Ta ce jami'in nan ya taɓa gaya mata cewa duk shekara in sanyi ya shigo kifi yana rage ci, sai ɓawonsa ya ja layi. Muka ƙirga tare. Huɗu. Kifin da aka ciro ɓawon daga jikinsa kuwa bai fi tsawon ɗan yatsana ba.

Na kwana uku ina tunanin abin. Ashe kowane kifi yana yawo da littafinsa a jikinsa, tun kafin a haifi Goggo.

A taron ƙungiya na watan ta shigo da bokiti da littattafai goma. Ba a saba jin muryarta a taro ba. Ta ciro wata 'yar karfasa, ta matsa gefen bakinta a kan faranti, sai ga ƙwai sun zubo, rawaya, kamar ƙananan duwatsun wuya. Karfasa a baki take renon 'ya'yanta, wannan ma ranar na sani.

Ta ce, "Ga yarinyar da kuke mayarwa ta ƙara girma. Shekararta huɗu. Kaka ce, tana da jikoki. Ba za ta ƙara ko giram ɗaya ba, don su dubu nawa ne a kan abincin ɗari."

Ta buɗe littafi na uku ta karanta nauyin karfasa a lokacin, ta buɗe na sha takwas ta karanta. Daga giram ɗari uku an dawo sittin. Ta sake komawa ta karanta yawan manyan tarwadan da muka kwashe shekara bayan shekara, har suka kusa ƙarewa. Ta ce su ne ke cinye rarar 'ya'yan karfasa su rage cunkoso, mu kuma mun cinye su.

Direba, wani ƙato mai motar kaya, ya ce, "To yanzu me kike so mu yi, Goggo?"

"Ku juya. Ƙarami ku tafi da shi gida. Babba ku mayar."

Dariyar da aka yi ranar har yanzu tana kunnena. Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Direba ya ce shi bai taɓa jin inda aka saki sa aka yanka ɓera ba. Ta bari suka gama, ta ce, "Wanda ke da littafin da ya faɗi wani abu daban ya kawo mu karanta." Ba wanda ya kawo. Mako ɗaya bayan haka muka kwashe matattun kifi baro huɗu daga bakin tafkin, wari ya hana unguwa cin abinci, sai aka sake kiran taro ba dariya. Aka rubuta doka a kan allo da jan fenti: duk tarwadar da ta haura kilo uku ta koma ruwa, duk karfasar da aka kama ba ta komawa. Wanda ya rubuta allon da hannunsa shi ne sakataren ƙungiya na lokacin. Shi ne Ciyaman ɗinmu na yau. Ku riƙe wannan.

Dokar ba ta yi wa Goggo farin jini ba. Wata rana Direba ya kama tarwada mai kilo huɗu da rabi, ranar kuma surukansa sun zo daga nesa. Ya roƙe ta, ya kira ta uwa, ya kira ta kaka, ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ta yi wa kifin 'yar tsaga a fiffike, alamar da take gane su da ita, ta ba shi lamba goma sha ɗaya, ta sake shi a ruwa a gaban idonsa. Ta cika masa bokiti da ƙanana ta ce, "Gai da surukai." Shekara guda cur bai gaishe ta ba. In ya kawo kifi sai ya ajiye ya juya mata ƙeya, ita kuma ta auna ta ce wa ƙeyar, "Giram casa'in."

A shekara ta uku karfasa ta koma cika tafin hannu. A ta biyar sai da faranti. Ba wanda ya je ya ce mata kin yi gaskiya. Mun dai ci, mun yi gyatsa, mun ce ruwan bana mai albarka ne. Tarwadan da ta yi wa alama sun kai arba'in, wasu suka mutu, wasu aka sace, saura ashirin da bakwai. Ta san kowacce. Akwai mai ido ɗaya, akwai wadda gashin bakinta ɗaya ya gutsure, akwai wadda ba ta taɓa cin ƙugiya sai ranar da hadari ya haɗu.

Sai ga maganar ajiye aiki. Idonta ya fara rauni, gwiwa ta ƙi, ita da kanta ta ce ta gaji. Ciyaman ya ce za a yi mata taron da ba a taɓa yi wa kowa ba, za a gayyato baƙi daga wasu ƙungiyoyi. Ya ce manyan tarwadan sun tsufa, abinci kawai suke ci, tafki kuma ya warke, gara a ja taru a fito da su a ciyar da baƙi da sunan Goggo. Aka tafa masa. Da labari ya iso mata ba ta je ta yi gardama da kowa ba. Abu ɗaya ta nema, a ba ta takardar sallamarta tun kafin ranar. Aka ba ta.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, masu girki suka ɗora manyan tukwane biyar. Kowa ya ci ado. Goggo ta zo da tsohon zanen aikinta da takalmin roba. Da hantsi Ciyaman ya yi jawabi mai tsawo, ya kira ta uwar ƙungiya, ya miƙa mata kyautar agogon bango. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta wuce kai tsaye rumfarta ta rataye shi a ƙusar da ke jikin ginshiƙi, ta zauna a bayan tebur ta fiƙe fensir.

Masuntan da aka ɗauko suka ja taru, ruwa ya yamutse, aka fara fito da tarwada, baƙaƙe, masu kai kamar faranti. Baƙi suka miƙe tsaye suna ɗaukar hoto. Shugaban masunta ya rungumo ta farko ya nufi wajen tukwane.

Goggo ta ce, "Ɗan'uwa, hanya ta nan take."

Mutumin ya tsaya yana kallon Ciyaman. Ciyaman ya taho yana murmushi, yana gyara hula. Ya ce, "Haba Goggo, yau ai ranar hutunki ce. Ki zo ga kujerarki can a gaba, mai laushi."

"Na gode, ɗana. Kifi ya fito daga ruwa. Ko an goge dokar tebur ban ji ba?"

"Ba a goge ba, amma ai kin yi ritaya."

Ta zaro takardar daga cikin littafi, ta miƙa wa Tela ta ce ya karanta da ƙarfi, ita idonta ba ya gani sosai. Tela ya gyara murya ya karanta: aikinta zai ƙare ranar Asabar da ƙarfe shida na yamma. Ta nuna agogon da ke jikin ginshiƙi. Ta ce, "Sha ɗaya da kwata. Ba nawa ba ne, ku kuka ba ni." Ni na lura agogon yana baya da minti huɗu, amma ba wanda ya tambaye ni.

Ciyaman ya ce to a auna, ai awo ba ya hana dahuwa. Aka rataya kifin. Goggo ta matso da fuskarta dab da sikeli, ta shafa fiffiken ta ji tsagar. Ta ce, "Lamba shida. Kilo bakwai da ɗari biyu." Ta rubuta. Sannan ta juya ta dubi allon jan fenti da ke bayanta. "Ranka ya daɗe, wannan rubutun wa ye? Kyakkyawan hannu gare shi."

Wani daga cikin baƙi ya tuntsire da dariya. Ciyaman ya sassauta murya ya ce, "Goggo, kada ki kunyata ni a gaban mutane. Don ke fa aka yi duk wannan."

"Don ni za ku cinye shekara tara a zama ɗaya? In dokar ba ta yi muku ba, ku kira taro ku goge ta da rana tsaka, kowa ya ɗaga hannu a gani. Amma ba a teburina ba, ba kuma da sunana ba."

Ta sunkuya ta rungumi kifin. Kilo bakwai mai santsi, a hannun tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ta yi taku uku ta yi tangaɗi. Mu duka muna tsaye kamar an dasa mu. Sai ga Direba ya ture kujera, da sabuwar farar rigarsa, ya ce, "Kawo nan, tsohuwa, kafin ki karye a ce mu ne." Ya karɓa ya kai bakin ruwa ya sake shi.

Daga nan sai abin ya zama layi. Masunta su kawo, Goggo ta auna ta kira lamba, Direba ya mayar. Da aka zo kan wata mai kilo tara ta ce, "Lamba goma sha ɗaya," sai ya tsaya ya dubi kifin ido cikin ido. Ya ce, "Ke ce kika sa surukaina suka raina ni ko? Wuce, Allah ya isa." Ya sake ta a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ashirin da biyu taru ya kamo, ashirin da biyu suka koma. Sauran biyar ta rubuta a gaban lambarsu, "Ba a gani ba." Baƙi kuwa karfasa suka ci, wadda tarun ya kwaso, kowace ɗaya ta cika faranti, har wani ya tambayi Ciyaman sirrin kiwonsu. Ban ji amsar da ya bayar ba. Kafin la'asar Ciyaman ya ce kansa na ciwo ya tafi gida.

Goggo, ke ce kika shekara ashirin da huɗu kina rubuta wa mutumin da bai dawo ba, har rubutun ya ciyar da waɗanda ba su taɓa buɗe shi ba. Ke ce mai sikelin da ba ya jin kunyar kowa, ko ƙani ko Ciyaman. Mun yi miki dariya, mun juya miki ƙeya, mun ci kifin da kika rena mun gode wa damina. Ranar da muka tashi gode miki ma, da wuƙa muka zo. Ki yafe mana. Na gode, a madadin gidana da gidajen da har yau girman kai bai bar su sun faɗa ba. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya bar miki sauran hasken idonki.

Ku kuma masu karatu, ban ce kowa ya je ya nemi tafki ba. Amma a duk inda kuke aiki akwai wani tebur mai ƙafa ɗaya a kan bulo, akwai wani littafi da ba mai dubawa. In an ba ku, ku rubuta abin da sikeli ya nuna, ba abin da mai kifi yake so ya ji ba. In ranar tsayuwa ta zo ku tsaya, ko da tukwane suna tafasa. Mu nan ƙungiya ba ta naɗa kowa a madadin Goggo ba. An ce tafki ya warke, ba a bukatar mai awo.

Da shida ta cika a agogon ginshiƙi, Goggo ta ja layi a ƙarƙashin rubutun ranar. Ta sauke sikeli ta goge shi da gefen zane, ta ɗora a kan littafi na talatin da ɗaya, ta ajiye makullin rumfa a sama. Ta ce, "To, ga amanarku." Mu wajen goma ne a wurin, ba wanda ya miƙa hannu. Ta cire agogonta ta saka a hammata, ta kama hanyar gida tana ɗingishi.

Muka bi ta da ido har ta sha kwana. Masunta sun tafi, amma sun bar tarunsu a shanye a kan shinge, yana ɗigar ruwa. Tela ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dubi kayan da ke kan tebur, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "To in suka sake jan tarun nan gobe, wa zai zauna a kujerar?"